Tayoyi Takwas da Wili Biyar a Garejin Yayana: Nazarin Ajiyar da Ta Lalace

Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, gidaje da dama a Kano sun kakkaɓe kekunan da suka daɗe a jingine. Gidan yayana yana cikinsu. Ma'aikaci ne mai yara huɗu 'yan makaranta, kuma ya yanke shawarar cewa mota ba za ta riƙa fita ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili: manyan yaran biyu su tafi boko da Islamiyya a kan keke, shi kuma ya hau tsohon Rali na mahaifinmu zuwa masallaci da kasuwa. Da ya ga farashin komai ba ya kwana inda ya wuni, sai ya shiga kasuwar Sabon Gari a ƙarshen shekarar, ya sayo tayoyi takwas da tub shida a rana ɗaya. Ya haɗa su da wili biyar da ya tsinto daga matattun kekuna, ya zuba a gareji, yana cewa ajiya maganin wata rana.

Watar ranar ta zo a watan Maris na 2025. Tayar baya ta keken babban ɗansa ta cinye har zare ya bayyana, aka ɗauko sabuwa daga gareji aka kai wa mai gyaran keke na bakin layi, dattijo ne da ya fi shekara talatin a kan sana'ar. Yana fara ba ta iska sai gefenta ya buɗe da ƙananan tsagu masu yawa, kamar diddigen manomi a cikin hunturu. Ya saki famfon ya ce, “Alhaji, wannan tayar ta mutu a tsaye. Idan yaro ya hau ta, ba za ta yi mako biyu ba.” Yayana ya ɗora laifin a kan ɗan kasuwa, ya ce tsofaffin kaya aka sayar masa. Ni kuma, da yake na daɗe ina hawan keke ina kuma gyara nawa da hannuna, na roƙe shi ya dakata da komawa kasuwa har sai mun fito da komai mun duba. Ranar Asabar muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida muka jera kayan.

Yadda garejin yake

Ginin bulo ne mai rufin kwano ba silin, ƙofarsa ta ƙarfe tana kallon yamma, da taga ɗaya mai raga wadda rana ke shigowa ta cikinta tun daga hantsi har bayan azahar. A kusurwar dama akwai janareto, wanda ake tayarwa kusan kowane dare a cikin garejin saboda tsoron ɓarayi. Kusa da shi akwai kanta da ake ɗora jarkokin fetur da galan ɗin baƙin mai. Babban yaron yana koyon walda, don haka injin gurzar ƙarfe da ƙaramin injin walda su ma a nan suke kwana, kuma a nan yake gwada hannunsa idan an kawo wuta. Daɓen ya ɗan gangaro zuwa ciki, saboda haka duk ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta yakan kutso ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a gindin bango na kwana ɗaya ko biyu.

Na tsaya a kan wannan siffa ne domin shawarar da ake yawan ji, cewa a ajiye kayan keke a gareji, ta fito ne daga ƙasashen da garejinsu wuri ne mai sanyi da duhu. Garejin gida a wurinmu ɗakin janareto ne, ma'ajiyar mai ce, wani lokaci kuma shagon aiki ne. Akwai ƙa'ida ta duniya kan ajiyar kayan roba, ISO 2230, wadda ta ce a ajiye su inda zafi bai kai digiri 25 ba, nesa da hasken rana, nesa da injinan da ke tartsatsin wuta. A Kano zafin inuwa kansa yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, balle ƙarƙashin kwano da ƙofa a rufe.

Abin da tayoyin suka nuna

Sa'ar da muka yi ita ce, shida daga cikin tayoyin iri ɗaya ne, masu inci 26, kamfani ɗaya, an saye su a hannun mutum ɗaya a rana ɗaya, amma ƙaddara ta raba su wuri uku. Wannan ya ba mu damar kwatantawa, kuma gani ya kori ji.

Biyu an rataye su a ƙusa ɗaya daura da taga. A cikinsu aka ɗauki wadda aka kai wa mai gyara. Gefen da ke kallon taga ya kwaɗe ya yi toka-toka, idan ka shafa sai baƙin gari ya maƙale a yatsa, gefen da ke jikin bango kuwa bai kai haka lalacewa ba. Amma mafi munin wurin shi ne daidai inda ƙusar ta riƙe: nauyin tayar duka ya taru a kan ɗan siririn ƙarfe na tsawon wata goma sha biyar, robar ta miƙe a wurin, kuma tsagun sun yi cincirindo a nan, a jere, dukkansu sun gitta hanyar da robar ta miƙe.

Wannan jeruwar tsagu ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin sa hannun iskar ozon ce. Ozon wani nau'in iskar oksijin ne mai zafin kamu, wanda tartsatsin wutar lantarki ke haifarwa: walda, injin gurzar ƙarfe, da duk injin da ke da gawayin buroshi a cikinsa. Shi ne ƙaurin nan da ake ji idan ana walda. Yana tsinka zaren sinadaran roba, amma ɓarnarsa ba ta zurfafa sai a inda robar take a miƙe ko a lanƙwashe, domin a nan ne kowace ƙaramar tsaga ke buɗewa ta ba shi hanyar shiga ciki. Masu ƙera taya sun san da haka, shi ya sa suke cuɗa robar da wani irin kakin kariya da ke tsattsafowa sama a hankali. Juyawa da lanƙwasawar da taya ke yi a kan titi su ne ke taimaka wa kakin ya ci gaba da fitowa. Tayar da ake hawa tana sabunta kariyarta, wadda aka rataye kuwa tana cinye abin da ke samanta ne kawai. Da na yi wa yayana wannan bayani ya yi shiru, sannan ya ce, “Ke nan da na bar su a hannun mai shago da sun fi lafiya.” Gaskiya ya faɗa, idan shagon mai inuwa ne kuma kaya na tafiya.

Biyu na gaba an riga an ɗaura su a kan wili biyu na alminiyom, da tub a ciki, an ba su iska, an jingine su a ƙasa kusa da janareto, da niyyar idan taya ta fashe da safe sai a canja wili gaba ɗaya yaro ya wuce makaranta. Niyya ce mai kyau, kuma har yanzu ina ganin dabara ce. Matsalar ita ce ba wanda ya sake waiwayar su. Tub, ko da ba huji a jikinsa, yana sakin iska a hankali ta cikin robarsa, cikin 'yan watanni sai ya zama fayau. Da iskar ta ƙare, bakin ƙarfen wilin ya zauna a kan gefen tayar ya naɗe shi, ya kuma zauna a haka fiye da shekara, ga zafin janareto yana dukansa kowane dare. Da muka ba su iska, kowace ta nuna doguwar tsaga mai tsawon yatsa a wurin naɗin, har zaren ciki ya leƙo. Sauran jikinsu bai yi muni sosai ba, amma taya ba ta amfanuwa da rabin lafiya.

Biyu na ƙarshe ba su taɓa shiga gareji ba. Ranar da aka sayo su, Hajiya matar yayana ta ga wurin ya cika, ta sa aka kai su sito na cikin gida, a naɗe da ledarsu, aka tura su cikin buhu a saman kabad, aka manta. Sito ne mai silin, ba taga, bangonsa ba ya shan rana. Da muka kwance su, robar tana da laushi, baƙinta bai dusashe ba, ƙamshin sabuwar taya bai ma gama fita ba. Na lanƙwasa gefensu da yatsu biyu a gaban yayana, ba tsaga ko ɗaya. A nan maganar ɗan kasuwa ta mutu, domin da tsofaffin kaya ya sayar da waɗannan ma sun nuna.

Masana sinadarai suna da wani kimantawa cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yakan kusan ninka saurin irin wannan lalacewa. Idan aka auna tazarar da ke tsakanin wancan siton da ƙarƙashin kwanon gareji a watannin bazara, ba abin mamaki ba ne a ce tayoyin da aka saya tare su zama kamar shekaru ne a tsakaninsu.

Sauran biyun, waɗanda aka saya domin Rali, labarinsu gajere ne. An lanƙwasa su gida biyu an cusa a ƙarƙashin kantar mai. Wayar ƙarfen da ke bakin taya ta karye a wurin lanƙwasar, kuma baƙin mai da fetur sun ɗiɗɗigo a kansu har robar ta kumbura ta yi danƙo. Irin wannan taya mai waya a baki ba a naɗe ta gida biyu. Idan dole ne a rage girmanta, murɗa ta ake yi ta zama zobe uku. Amma ko da sun tsira ba za su yi amfani ba, domin da na karanta lambar jikinsu na ga 622. Tsohon Rali da 'yan'uwansa irin su Phoenix suna cin taya mai lamba 28 x 1½, wadda faɗin bakinta milimita 635 ne, alhali akwai wata tayar da ita ma ake rubuta mata 28 amma bakinta 622 ne, ta kekunan zamani. Bambancin milimita 13 ne kawai, amma ba ƙarfin da zai sa ta hau. Lambar da ba ta yaudara ita ce mai kashi biyu, kamar 40-635 ko 50-559, kuma ita ya kamata mutum ya rubuta a takarda kafin ya tafi kasuwa.

Tub shidan sun fi kowa sa'a. Yawancin tub na yanzu da robar butil ake yin su, wadda ta fi robar taya juriyar ozon. Huɗu da suka zauna a kwalinsu lafiyarsu lau. Biyu da aka fitar aka rataya, ɗaya ɓera ya gutsure shi, ɗayan kuma ƙarfen bawul ɗinsa ya goge jikinsa har ya huda.

Batun wili

A nan ne muka fi daɗewa muna muhawara, domin yayana yana da wata fahimta da na ji a bakin mutane da yawa, cewa rataye wili yana sa ya bauɗe. Saboda wannan tsoron ne ya bar dukkan biyar a ƙasa. Ina ganin wannan fahimta ita ce ta fi jawo masa asara, fiye da rana da janareto.

Wilin keke bai fi kilo ɗaya zuwa biyu da ɗoriya ba, amma an gina shi ya ɗauki mutum da buhun masara a kan hanya mai gargada. Ƙarfinsa daga wayoyinsa yake: a wilin da aka ɗaure da kyau, kowace waya tana ja da ƙarfin da ya kusan kai nauyin kilo 100, kuma wayoyi 32 ko 36 suna jan bakin ƙarfen zuwa cibiya daga kowace fuska. Abin da yake da irin wannan ɗauri nauyin kansa ba zai lanƙwasa shi a kan ƙugiya ba, ko da zai shekara goma. Rauninsa daga gefe yake. Wilin da aka kwantar aka ɗora masa nauyi, ko wanda mota ta tokare da bango, shi ne ke bauɗewa. Hakan kuwa ta faru: wili na biyar, siriri mai lamba 622 da aka cire daga keke ɗan kwatano, an kwantar da shi a kan bulo biyu, wani ya ɗora tsohon batirin mota a kansa. Da na riƙe shi a cibiya na juya, bakinsa yana kaiwa da komowa kamar faifai a hannun mai sheƙa. Dattijon mai gyara ya gwada ɗaure wayoyin ya ce, “Ɗana, ƙarfen kansa ne ya lanƙwashe, ba waya ba. Ko na miƙar da shi yau, jibi zai koma.”

Wili biyu na ƙarfe, na Rali, su ne suka fi ba ni takaici, domin irinsu masu kauri na da sun yi wuyar samu. Sun tsaya a gindin bango inda ruwa ke kwanciya, damina guda cur. Tsatsa ta ci su a wuri ɗaya mai faɗin tafin hannu, daidai inda suka taɓa ƙasa. Da na ɓare ƙyallen da ke rufe kawunan wayoyi daga ciki, na tarar ya sha ruwa ya riƙe, ƙarƙashinsa ja wur, kawunan wayoyi biyar sun kafe ba sa juyawa. Ɗaya wilin mun cece shi da burushin ƙarfe da kananzir da sabbin wayoyi. Ɗayan tsatsa ta huda shi, kuma wilin da birki ke kamawa a baki ba a wasa da rauninsa.

Ƙurar hunturu ta yi nata aikin a cibiyoyi. Giris ɗin da ke cikin boris ya narke da zafi ya tsiyaye, ƙura ta shiga ta cakuɗe da ragowar, idan ka juya sandar cibiya sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar an zuba yashi. Wannan ba babbar ɓarna ba ce muddin ba a hau a haka ba: an kwance, an wanke da kananzir, an sa sabon giris.

Gyaran da aka yi

Shawarar da na bayar ita ce a raba ƙarfe da roba, domin abin da ke cutar da su ba ɗaya ba ne. Ƙarfe ruwa da danniya yake tsoro, zafi bai dame shi ba, don haka yana iya zama a gareji idan ya bar ƙasa. Roba kuwa rana da zafi da mai da tartsatsi take tsoro, kuma duk huɗun suna cikin garejin.

Babban yaron, da yake hannunsa ya fara faɗawa a walda, ya lanƙwasa ƙugiyoyi uku daga rodi, muka zura musu guntayen mataccen tub domin kada su karce bakin wili. Muka kafa katako a bangon da ke nesa da taga da janareto, sama da tsayin mota, muka jera ƙugiyoyin ɗaya sama ɗaya ƙasa domin kada sandar cibiyar wannan ta shiga cikin wayoyin wancan. Ana rataye wili ta bakinsa ne, a tsakanin wayoyi biyu, nesa da bawul, ba ta waya ba. An shafa wa wilin ƙarfen ɗan mai kaɗan da tsumma, sai dai an gargaɗi yaran su goge inda birki ke kamawa kafin a ɗaura shi. Kowace cibiya an ɗaure ta da leda saboda ƙura.

Dabarar wili mai jiran aiki ba mu watsar da ita ba, mun dai rage ta zuwa guda ɗaya, na baya, tunda tayar baya ce ke ɗaukar yawancin nauyi kuma ita ke saurin ci. Yana rataye da iska kamar rabin wadda ake hawa da ita, an lulluɓe shi da tsohon zane, kuma an ɗora wa ƙaramin yaron alhakin matsa shi da yatsa ranar Juma'ar farko ta kowane wata. Duk tayar da za a ajiye nan gaba, sito za ta tafi cikin baƙin buhu, a kwance, ba komai a kanta. Tub ɗin an sace musu iska, an barbaɗa musu hoda, an naɗe bawul da ɗan ƙyalle, an sa kowane a ledarsa. Tayar mota tana da lamba huɗu a gefe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, amma yawancin tayoyin keke ba su da irin wannan lamba da mai saye zai iya karantawa, don haka muka ce a riƙa rubuta watan saye da girman taya a jikin buhun.

Janareton kuwa ya bar garejin gaba ɗaya, an yi masa keji na ƙarfe a bayan gida. Na dage a kan wannan ba don taya kaɗai ba. Garejin yana manne da ɗakin yara, kuma hayaƙin janareto yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ta sha hallaka iyalai a cikin barci a ƙasar nan. Da a ce lalacewar tayoyin nan ba ta haifar da komai ba sai fitar da wannan injin, da na ce an ci riba.

Abu ɗaya da ba mu daidaita a kansa ba shi ne yawan abin da ya kamata a ajiye. Yayana har yanzu yana ganin a lokacin da naira ke zubewa, kaya a hannu sun fi kuɗi a aljihu, kuma ban ce ba shi da hujja ba. Sai dai na nuna masa lissafin gidansa: a wata goma sha biyar, kekuna uku taya ɗaya kawai suka buƙata, shi kuwa ya sayi takwas, shida suka mutu ba su taɓa titi ba. Boris da wayoyi da sarƙa suna iya jira shekaru a cikin gwangwani da ɗan mai, don haka idan tsoron tsada ne, a can ya kamata kuɗin ya tafi. Ya yarda da rabi, ya ce biyu-biyu zai riƙa saye.

Matattun tayoyin ba mu jefa su bayan gida ba, domin taya a waje tana tara ruwan sama ta zama gidan sauro. An yanka su aka yi maɗaurin kaya da matashin ƙofar gareji. Bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya na koma na sauke wili ukun daga bango, na juya kowane a hannu, duk suna tafiya sak, ba sabuwar tsatsa, ko da yake alamar ruwan Agusta tana nan a gindin bangon, taku biyu a ƙarƙashinsu. Ƙaramin yaron ya biyo ni da famfo a hannu ya ce, “Baffa, wancan watan na ba shi iska sau goma sha biyu, wannan watan sau tara kawai ya sha.” Na matsa tayar da babban yatsa, na ce ya ƙara uku.